Yadda za ki riƙe lambun gida bayan ruwa ya ɗauke

Tambaya: "Malam, ina da ɗan fili a bayan ɗaki, a nan wajen Kano. Duk damina nakan shuka alayyafo, kuɓewa, yakuwa, tattasai da 'yan tumatir, mu ci har mu ba maƙwabta. Amma da ruwa ya ɗauke, kafin mako uku komai ya bushe, mu koma sayen kayan miya. Ba mu da famfo, rijiyar gidan kuma takan ja baya da rani. Na ga a intanet ana rufe lambu da leda don ya kai kaka. Ko in gwada?"

Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa wa lambun albarka. Bari in fara da ledar, don kada ki yi asarar kuɗinki. A ƙasashe irin su Ingila da Kanada sanyi ne yake kashe lambu da kaka, dare ɗaya ƙanƙara ta kwanta a kan ganye shi ke nan. Shi ya sa suke rufe shukarsu, su tare mata ɗumi. Mu kuwa Oktoba watan zafi ne a wurinmu. Hadari ya yaye, rana ta fito ƙwal, zafi yakan kai digiri 34 ko 35 a Kano da tsakar rana. In kika rufe alayyafo da leda a wannan yanayi, dafa shi za ki yi. Sanyin da ke biyo baya daga tsakiyar Nuwamba kuma alheri ne gare ki, domin a cikinsa ne tumatir, kabeji, latas, karas da albasa suka fi kyau a ƙasar Hausa. Masu lambu na Kadawa, Kura da Bunkure, waɗanda ke shan ruwan madatsar Tiga, wannan lokacin suke jira duk shekara.

Ba ƙishirwa kaɗai ke kashe lambunki ba. Abin da kika shuka a Yuni ya kai wata huɗu a Oktoba, ya tsufa, ko ruwa bai ɗauke ba ya kusa gama aikinsa. Kuskuren da yawancin mutane ke yi shi ne su zauna suna ci daga tsohon lambu har ya mutu, sannan su fara tunanin sabon iri. Daga yafa irin tumatir zuwa tsinkar 'ya'yan farko kuwa sai an yi wata uku ko fiye. Wannan giɓin ne kike gani kowace shekara. Maganinsa ki fara renon sabon iri tun ruwa yana sauka, tsohon lambu yana ciyar da ke, sabon yana tasowa a gefe.

A yankin Kano ruwa yakan ɗauke ne daga ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba. A Zariya yakan ɗan ƙara kwanaki, a Katsina, Maraɗi da Damagaram kuma yakan riga haka tafiya. Hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da hasashen damina kowace shekara, har da lokacin da ake sa ran ɗaukewar ruwa a kowace jiha, kuma gidajen rediyo suna karantawa. Ki riƙe wannan lokacin, ki yi lissafi baya. Tattasai da attarugu suna yin mako shida zuwa takwas a wurin reno, don haka irinsu ya shiga ƙasa tun tsakiyar Agusta. Tumatir da kabeji mako huɗu zuwa biyar suke buƙata, sai ki yafa su a tsakiyar Satumba, ki dasa a tsakiyar Oktoba. Da gangan na ce tsakiyar Satumba ga tumatir, kada ki yi gaggawa. Furensa yakan kaɗe in zafin rana ya wuce digiri 32 kuma dare bai yi sanyi ba. Wanda kika dasa a tsakiyar Oktoba zai fara fure a Nuwamba, daidai lokacin da dare ya fara sanyi, sai fure ya kama, ki fara tsinka wajen ƙarshen Disamba.

Reno a cikin damina yana da nasa haɗari, kuma a nan mutane da yawa suke karaya. Ruwan sama mai ƙarfi yana tone iri, laima kuma tana kawo cutar da ke cin ƙafar ɗan tsiro. Za ki gan shi jiya lafiya lau, yau ya kwanta, in kika duba gindinsa daidai bakin ƙasa ki ga ya tsuke ya yi ruwa-ruwa. Don haka kada ki yi reno a ƙasa shimfiɗe. Ki tada wurin ya kai taƙi ɗaya, ko ki yi amfani da tsohuwar roba ko kwanon da ya huje, ki ƙara masa huji a gindi. Ki haɗa ƙasa mai laushi, yashi da ruɓaɓɓen taki, ki ja layuka da yatsa, ki zuba iri jefi-jefi, kada ya yi cunkoso, zurfinsa kada ya wuce rabin gaɓar yatsa. A sama ki yi masa 'yar rumfa da zana, gefe a buɗe iska tana ratsawa. A nan ne kaɗai leda za ta yi miki amfani, a matsayin rufin da ke tare dukan ruwa, ba a nannaɗe ba. In kina da gidan sauro da ya yayyage aka daina kwana a ciki, ki wanke shi ki ɗinke hujin ki lulluɓe wurin renon. Yana hana farin ƙuda, wanda shi ne ke ɗauko cutar da ke nannaɗe ganyen tumatir ya tsugune ya ƙi girma, kuma yana hana ƙadangaru da kaji. Amma don Allah kada a cire wanda yara ke kwana a ciki, domin ƙarshen damina shi ne ganiyar zazzaɓin cizon sauro.

Yanzu tsohon lambun. Ba duka za ki riƙe ba, kuma ba duka za ki tuge ba.

Tumatirin damina ki tuge shi ba tare da tausayi ba. Zuwa Oktoba ganyensa na ƙasa ya yi tabo ya ƙone, cuta ta cika shi, barinsa kusa da sabon dashe raba masa ciwo ne. Ki fitar da shi daga gidan ko ki ƙone, kada ki jefa shi cikin ramin taki. In kin tuge, ki kakkaɓe ƙasar ki dubi saiwar da kyau. In kika ga ta yi ƙulli-ƙulli kamar carbi, akwai ƙananan tsutsotsin da ido ba ya gani a wannan ƙasar, kuma za su kama duk tumatir, tattasai, gauta ko kuɓewar da kika sake sa wa a wurin. Wannan gurbin ki ba albasa ko tafarnuwa. Ko saiwar lafiya take, tumatir, tattasai, attarugu da gauta dangi ɗaya ne, cututtukansu ɗaya, bai kamata ɗaya ya gaji gurbin ɗaya ba.

Yakuwa kuma kada ki wahalar da kanki a kanta. Gajarcewar yini take bi. Da rana ta fara gajarta a Satumba da Oktoba sai ta juya ga fure, ganye ya ragu ya ƙanƙance, duk ruwan da kika zuba mata ba zai mai da ita baya ba. Ki tsinke ganyen tun yana da kyau ki shanya a inuwa, ki bar 'yan gindi su yi miki zoɓo da iri. Rama ma haka take.

Waɗanda suka cancanci ruwanki su ne attarugu, tattasai mai lafiya, gauta da zogale. Attarugu ba shukar shekara ɗaya ba ne, mu ne muke barinsa ya mutu. Ki rage masa rassan da suka tsufa, ki sassauta ƙasar gindinsa a hankali, ki zuba taki, ki ci gaba da ba shi ruwa, zai sake toho ya ci gaba da ba ki 'ya'ya. Zogale ki sare shi daidai ƙugu ko ƙirji. Mutane suna jin tsoron yin haka, amma saran ne ke sa ya yi rassa da yawa inda hannu zai kai, kuma ruwa sau ɗaya ko biyu a mako ya ishe shi ya riƙe ganye cikin hunturu. Kuɓewa in tana da ƙarfi ki datse ta daidai gwiwa tun da sauran laima a ƙasa, ta sake fito da rassa ta ba ki zagaye na biyu. Sai dai ki sani ba ta son sanyi. Da hunturu ya kankama takan yi sanyin jiki, wani farin gari ya rufe ganyenta. In ta kai ki ƙarshen Nuwamba ta biya ki.

Sai maganar ruwa, wadda ita ce za ta yanke girman lambunki. Ina so ki yi wannan lissafin kafin ki dasa komai. Ruwan sama milimita ɗaya daidai yake da lita ɗaya a kan fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya. Da rani a yankinmu, lambun da ya rufe ƙasa yana shan kamar lita 5 zuwa 6 a kowace irin wannan mitar a kullum, ya ƙaru in an shiga Fabrairu da Maris. Ke nan fangali mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita uku yana neman kusan jarka ɗaya a yini. Ki tambayi kanki jarka nawa za ki iya warewa kullum a watan Janairu, lokacin da rijiyar ta fara ja baya, ba yanzu da take cike ba. In biyu ce, fangali biyu za ki yi. Ƙaramin lambu da ya ƙoshi ya fi babban da ake yayyafa wa ruwa, domin yayyafi yana jiƙa saman ƙasa ne kawai, saiwa ta taso sama nemansa, rana ta gasa ta.

Saboda wannan lissafin ne ra'ayina ya bambanta da na mutane da yawa. In ruwanki kaɗan ne, kada ki cika lambun da tumatir. Daga Janairu zuwa Maris tumatirin manyan lambuna yana cika kasuwa, lokacin ne ya fi araha a duk shekara, kuma daidai lokacin ne naki zai nuna. Gindi shida ko takwas sun isa don marmari. Ki ba ganye mafi yawan ruwanki: alayyafo, latas, lawashi, zogale, lansir. Su ne suke saurin nuna, su ne ake tsinka a sake tsinka, kuma su ne na kasuwa yakan iso gida a yaushe. Sannan ganyen da za ki ci ɗanye ya fi kwanciyar hankali in kin san da wane ruwa aka shayar da shi.

Da damina kina tada kunya don ruwa ya gangare. Da kaka juyawa ake yi: ki lotsa tsakiyar fangalin ya yi ƙasa da bakinsa kamar yatsu huɗu, ki tada masa gefe, don duk abin da kika zuba ya tsaya ya nutse a wurin. Ki yi wannan aikin cikin mako na ƙarshe na ruwa, ƙasa tana da taushi. Ki haɗa ta da ruɓaɓɓen taki sosai, domin ruwan damina ya wanke ƙarfinta, kuma ƙasar da ta ji taki ta fi riƙe laima. Kashin kaji ɗanye yana ƙone saiwa, sai ya ruɓe tukuna. In za ki ƙara takin zamani, NPK 15-15-15 cikin murfin kwalba ɗaya ya ishi gindin tumatir ko tattasai, a binne shi nesa da kara kamar yatsu huɗu, bayan mako biyu da dashe, a bi shi da ruwa.

Kashegarin ruwan da kike zaton shi ne na ƙarshe, ki rufe ƙasar da busasshiyar ciyawa marar iri, ɓawon gyaɗa ko ɓuntun shinkafa, kaurin yatsu uku. Ba a ba wannan aikin muhimmancin da ya kamata. Ki gwada da kanki: bayan kwana huɗu ki tura yatsa ƙarƙashin rufin, ki tura a inda yake tsirara, za ki ji ɗaya da sanyi da laima, ɗaya ya bushe ya yi tauri. Gara takan shigo cikin rufin, gaskiya ne, amma busasshen abu take nema. Ki bar tazarar yatsu uku tsakanin rufin da karan shuka, ki gauraya ganyen darbejiya a ciki, kuma kada ki bar shukar ta sha ƙishirwa, domin wadda ta galabaita gara ta fi kamawa.

Akwai dabarar da ta dace da mai rijiya irinki. Ki samu tulun ƙasa wanda ba a shafe shi da komai ba, ki binne shi har wuya, ki dasa tumatir ko attarugu huɗu kewaye da shi, ki cika shi da ruwa ki rufe bakin. Ruwan yana tsattsafowa ta jikin tulun a hankali, saiwa ta zo ta rungume shi, kusan babu abin da rana ke sha. Duk kwana biyu ko uku ki leƙa ki ƙara. Sannan ki tara ruwan da ake zubarwa a gidan. Ruwan alwala, wanda mutanen gida ke yi sau biyar a yini, in aka ajiye baho a wurin ba ƙaramin ruwa ba ne. Haka ruwan wankin shinkafa, na hatsi da na kayan miya. Wanda ya ji omo mai yawa, bilic, gishiri ko maiƙo ki nisanta shi da lambu. Duk ruwan da aka yi amfani da shi a gindi ake zuba shi, ba a kan ganye ba, latas kuwa ruwa mai tsabta kaɗai. In kina tara ruwan sama na ƙarshe a duro, ki rufe shi ruf saboda sauro.

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, busasshiya, tana zuƙe ganye fiye da rana. In katangar gidan ba ta tare wannan ɓangaren ba, ki kafa danga da karan dawa, wanda yake a wadace da kaka. Dangar za ta yi miki aiki na biyu. Da an kwashe amfanin gona ake sakin dabbobi, ciyawar waje ta bushe, lambunki ya zama shi kaɗai ne kore a unguwar. Akuya ɗaya za ta gama da aikin wata biyu kafin ki idar da salla. Fara ma lokacin take baro daji ta shigo.

Dashe da yamma ake yinsa, bayan la'asar. Mako guda kafin nan ki rage wa 'yan renon ruwa ki janye musu rumfa kaɗan-kaɗan su saba da rana. Ranar dashen ki jiƙa su sosai, ki ɗauko kowanne da ƙasar gindinsa. Tumatir da kabeji kamu ɗaya tsakani, latas taƙi ɗaya da ɗan ƙari, albasa rabin taƙi. Kwana uku na farko ki kafa musu ganye ko guntun kwali ta yamma, ranar Oktoba ba ta da sauƙi ga sabon dashe. Ga iri, Roma VF da UC82B sanannu ne a shagunan kayan gona kuma sun saba da ƙasarmu. Ki duba kwanan watan da ke jikin fakitin, kada ki sayi wanda aka baje a rana.

Latas da karas ki jinkirta su zuwa ƙarshen Oktoba ko Nuwamba. Irin latas ba ya tsirowa da kyau in ƙasa ta yi zafi, sai ki zargi mai shago alhali lokaci ne bai yi ba. Karas ba a dasa shi, inda zai zauna ake shuka shi, a ƙasa mai laushi marar tsakuwa kuma marar ɗanyen taki, in ba haka ba ya yi rassa. Irinsa ƙanana ne, yakan yi mako ɗaya zuwa biyu kafin ya fito, kuma in saman ƙasa ya bushe sau ɗaya a tsakanin ya mutu. Ki shimfiɗa buhun algarara a kai ki riƙa jiƙa shi safe da yamma, kina ɗagawa kina leƙawa, ranar da kika ga koren zare ya ɓullo ki cire. Albasa mai kai tana son wata huɗu zuwa biyar, aikin manoman albasa na Aliero a jihar Kebbi da Galmi a Nijar ke nan. Ke dai ki tsinci ƙananan albasa da waɗanda suka fara tsiro a kicin ki binne su, cikin mako uku kina yankar lawashi, kuma ya sake fitowa.

Alayyafo kada ki yafa shi gaba ɗaya. Ɗan wuri yau, wani bayan mako biyu, wani bayan mako biyu kuma, don kada ya zo miki lokaci guda ya ƙare lokaci guda. Da zafin Oktoba mako uku zuwa huɗu ya isa yanka. Cikin tsananin sanyi yakan yi nawa ya yi saurin fure, sai latas da kabeji su karɓe shi har ɗumi ya dawo.

Ƙwari ba sa hutu da rani. Tsutsar nan Tuta absoluta, wadda ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna a 2016 har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kanta, tana nan. Alamarta wani fari-farin tabo a ganye, in kika ɗaga shi ga rana ki ga 'yar tsutsa a ciki tsakanin fata biyu. A ƙaramin lambu hannu ya fi magani: kowace safiya ki juya ganye, ki tsinke wanda ya kamu ki murtsuke. Kabeji ma ki duba bayan ganyensa don ƙananan korayen tsutsotsi. 'Ya'yan darbejiya da aka ɓare aka daka, kamar giram 50 a lita ɗaya ta ruwa, a jiƙa su kwana, a tace, a fesa da yamma duk mako, suna rage su sosai. In kika ga gindin 'ya'yan tumatir ya yi baƙi ya lotsa, ba ƙwaro ba ne, ban-ruwa ne na yau da yawa gobe babu. Maganin feshi na shago kuwa ba na son sa a lambun da yara ke tsinka su kai baki. In ya zama dole, ki karanta kwanakin da aka ce a jira kafin a ci, ki cika su.

In amsar nan ta same ki ruwa ya riga ya ɗauke, ba ki makara ba. Ki je wurin masu lambu na bakin rafi ko fadama mafi kusa da ke ki sayi dashe, a Oktoba da Nuwamba suna da shi. Ki zaɓi gajere mai kaurin kara, mai ganye huɗu zuwa shida, ki bar dogo siriri da wanda ya riga ya yi fure. Ki juya ganyen ki duba farin ƙuda, ki dubi saiwar ko da ƙulli, ki naɗe gindin da jiƙaƙƙen tsumma, ki dasa a yammacin ranar. Fangalin ki jiƙa shi sosai tun daren da ya gabaci ranar dashen, domin ƙasar da ta bushe ta yi tauri ruwan farko gangarewa yake yi ta gefe, sai na biyu da na uku suke shiga.